Kalmasar Rigarki

Zuwa ga 'yata Saratu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan wasiƙa ta same ki da rai da lafiya, a duk inda kike cikin dajin nan. Mu dai muna nan Birnin Gwari, sai godiya. Babanki yana gaishe ki, Kaka tana gaishe ki, ƙanwarki Rahila ma tana gaishe ki, duk da ba ta san ina rubutawa ba.

Na san babu waya a inda kike. Na rubuta ne na ajiye a nan inda jama'a ke karantawa, don ban san wata ƙofar da ta rage in ƙwanƙwasa ba. Wanda ya karanta ya yi haƙuri, ba da shi nake ba, da 'yata nake.

Labarin da zan ba ki shi ne an buɗe makarantarku.

Fada ne ya sanar a coci bayan Misa. Ya ce an ɗage dokar kullen korona, Sista hedimasta kuma ta ce kowane yaro ya zo da takunkumin fuskarsa. Mata suka rangaɗa guɗa sai ka ce ana kai amarya. Maman Bulus maƙwabciyarmu ta ce, "Gara su koma, sun cinye min rumbu!" Kowa ya yi dariya ana tafi. Ni ma na tafa, don kada a ce na yi baƙin ciki da farin cikin mutane.

Kin tuna ranar da aka rufe ta? Da hantsi kika shigo da gudu, kika wurgar da jaka a tsakar gida kina rawa, wai an ba ku hutun korona. Kika tuɓe rigar makaranta kika bar min ita a kan turmi. Na wanke, na goge, na ninke, na sa a akwati. A zatona mako biyu ne za ku koma.

Sai aka rufe kasuwa, keken ɗinkina ya yi shiru, gari ya yi wuya. Muka tattara muka koma ƙauyen Kaka a wajen Kakangi, ko ba komai can akwai gona. A can ne 'yan bindiga suka zo, da rana tsaka, a kan babura, kuna cirar ciyawa a gonar gyaɗa ke da Kaka da sauran mata, suka kwashe ku duka. Ni ina gida da Rahila tana zazzaɓi. Bayan wasu makonni aka sako Kaka da matan, ƙafafunsu a kumbure. Suka ce an raba ku a bakin wani rafi, an wuce da ke can ciki. Muka ɗauko Kaka muka dawo gari. Daga nan shiru har yau. Ba zan tsawaita a kan wannan ba, ke kin fi ni sani.

Maganar rigarki nake so mu yi.

Kin san halin uwarki da ɗinki. Tun da Sista ta ba ni aikin kayan makaranta, ban taɓa ɗinka wa yaro riga daidai jikinsa ba. Sai in bar yadi a ƙasa, in ninke shi ciki, in kalmashe, faɗin tafin hannu. Mata suna min tsiya, wai ni ba na ɗinkin bana, sai na baɗi. In ce musu yaro ba turmi ba ne da zai tsaya inda aka ajiye shi. In ya yi tsawo a warware kalmasa, riga ta bi shi. Ke kanki ranar da na sa miki taki kin turo baki kin ce, "Mama, wannan ai buhun masara ne." Na ce to masara ta wuce makaranta kafin a buga ƙararrawa.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma matan unguwar nan ko a jikinsu. Duk watannin kulle riguna suna akwati, sai da buɗewa ta matso suka tuna da su. Suka yi min cincirindo a ƙofar shago, kowace da riga a hannu da yaro a gaba. Saratu, da kin ga yaran nan da kin yi dariya har kin faɗi. Sun miƙe kamar masarar fadama. Wandon Bulus ya tsaya masa a ƙwauri, kai ka ce shirin tsallaka rafi yake. Na zauna da reza daga safe har yamma ina farke zare.

Idan aka warware kalmasa, yadin da ya ɓuya a ciki bai sha rana ba, bai sha sabulu ba. Sai ya fito shuɗi sabo fil, na samansa kuwa duk ya koɗe. Kowace riga da ta bar hannuna a makon nan, da shuɗin layi a ƙasanta ta tafi.

Ana cikin haka sai ga Zainabu, 'yar gidan Malam Garba mai shayi, ƙawarki da kuke benci ɗaya. Ita da mamarta suka zo. Kin tuna yadda kuke damuna da gardamar wa ya fi tsawo? In haɗa bayanku, in ɗora muku faifai a ka, ya zauna daram, ko karkacewa ba ya yi. Sai ku ce faifan ne ba shi da gaskiya.

Na durƙusa na auna ta. Yatsa uku ta ƙara.

Na riƙe igiyar awo a gwiwarta na kasa saki, domin ba ita nake aunawa ba. Mamarta ce ta sunkuya ta zare igiyar daga hannuna a hankali. Zainabu kuwa ta leƙa fuskata ta ce, "Mama, ta Saratu ma za ki sake mata?" Na ce juya in ga baya. Ta juya, na goge idona da gefen zani.

To ga inda matsalar take. Rigar Rahila tun bara na warware kalmasarta, babu sauran abin saki. Da muka gwada, ko kafaɗarta ba ta wuce ba. Yadin makarantarku kuma daga Kaduna ake kawo shi, mai kawowa ya ce shi kam yana son ransa, sai hanya ta yi sauƙi. Sista ta ce ba komai, ta zo da kayan gida kafin a samu. Amma kin san Rahila da kafiya, a nono ta sha, ba sai an faɗa min ba. Ta kwanta a ƙasa tana birgima, wai ita ba za ta je kowa da yunifom ita kaɗai kamar mai tallan gyaɗa ba.

Babanki yana cin tuwo, bai ɗago kai ba, ya ce, "Ki rage mata ta yayarta." Na yi kamar ban ji ba. Ya ƙara cewa, "Wanda ke gida ake yi wa ɗinki." Sai ya wanke hannu ya fita, bai ƙarasa tuwon ba.

Kada ki riƙe shi a zuciya, Saratu. Mutumin nan babu wanda ya fito daga daji da bai je ya same shi ya kwatanta masa kamanninki ba. Takalminsa ya cinye a kan neman labarinki, furfura ta fito masa lokaci guda. Gajiya ya yi da sa rai. Na fahimce shi, amma na yi fushi da shi, kwana biyu ban kalle shi ba.

Rage riga kuwa ba wasa ba ne. Sai an datse ƙasa, an zaftare gefe da gefe. Abin da almakashi ya ci, allura ba ta mayar da shi. In na yanke, na yarda ke nan babu mai sake sa ta a girmanta.

Ranar Lahadi da muka taso daga coci na buɗe akwatin. Ga ta nan yadda na ninke ta. Ga tabon tawada a bakin aljihu, inda biro ya fashe miki na yi ta faɗa har maƙwabta suka ba ni haƙuri. Na kai ta hancina, ban ji komai ba sai kafur. Ranar ce na yi da-na-sanin wanke ta.

Na shimfiɗa ta a tebur, na kira Rahila na auna, na ja layi da alli. Na ɗauki almakashi na buɗe bakinsa a kan layin. Kaka tana zaune a bakin ƙofa. Tun da ta dawo magana ta yi mata wuya, sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Ba tare da ta kalle ni ba ta ce, "Da za su wuce da ita, ta waiwayo ta dube ni. Idonta biyu, da ƙafarta ta hau babur."

Na ajiye almakashin.

Ban yanke ba, 'yata. Ninke ta na yi sama, ninki uku, na tattare gefen ciki. Ban hau keke ba, da hannu na yi, ɗinki mai faɗi-faɗi, da farin zare yadda ido zai gan shi da sauƙi. In aka kama bakin zaren aka ja, gaba ɗaya za ta sauko. Wanda ya ga aikin ba zai ce ni tela ce ba, kunya ma ya ba ni. Babanki ya ɗaga ta ya juya ya duba cikin, ya daɗe yana kallo, ya mayar a kan tebur a hankali.

Litinin na raka Rahila. An ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa. Sista tana tsaye da abin auna zafin jiki, irin mai kama da ƙaramar bindiga, tana nuna wa yara a goshi. Wani ɗan ƙaramin yaro da iyayensa suka gudo daga ƙauye, yana ganin an nuna masa sai ya kwanta a ƙasa ya rufe kai. Sista ta yi tsaye kamar an dasa ta. Ta durƙusa ta ɗaga shi ta kakkaɓe masa ƙura. Daga kansa, a hannu ta riƙa auna kowa.

Aka jera su a ƙarƙashin mangwarorin nan, kowa nesa da ɗan'uwansa, fuska a rufe sai ido. Mu iyaye muna jingine da katanga. Kowace uwa fuskar ɗanta take nema, ni kuwa gwiwoyi nake kallo. Shuɗin layi, shuɗin layi, tun daga aji ɗaya har aji shida. Kowane yaro ya dawo da tsawon da ya yi a gida. Rahila kaɗai ce ƙasan rigarta ya yi kauri kamar gammo, yana dukan gwiwarta in ta taka.

Malam Luka, malamin ajinku, yana zagayawa yana gyara layi. Ya zo kan Rahila ya tsaya. Tabon tawadar ya gani, ai a ajinsa biron ya fashe. Ya ɗago ya neme ni ta saman katanga, muka haɗa ido. Ya cire tabarau ya goge, ya wuce layi na gaba.

Sista ta yi addu'a domin waɗanda ba su dawo ba, da waɗanda iyayensu suka yi ƙaura, da waɗanda ke daji. Yaran coci suka yi alamar gicciye, Zainabu da 'yan'uwanta Musulmi suka ɗaga hannu suka shafa. Aka buga ƙararrawa, suka shige aji. Na tsaya har filin ya zama babu kowa, sannan na koma shago.

Da aka tashi, Rahila ta shigo da gudu irin naki, ta wurgar da jaka ta ce, "Mama, rigar nan nauyi gare ta. Yaushe za ki sake min?" Na ce in kin yi tsawo. Na faɗa ne kawai yadda nake faɗa wa kowane yaro, sai da maganar ta fita na ji nauyinta.

Za ta yi tsawo, Saratu. Zan saki ninki ɗaya, in saki na biyu. Ranar da na saki na uku, ƙanwarki ta kai tsayin da kike ranar da aka ɗauke ki. Ke kuma abin da na ɓoye miki a kalmasarki tafin hannu ne kacal, Zainabu ta riga ta cinye yatsa uku a nata. Baɗi war haka, ko na warware komai da komai, rigar da na hana almakashi ba za ta shige ki ba.

Na zauna a bakin keke na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka sako Kaka. Ina kewarki, 'yata. Ina kewarki har cikin ƙashina. Da na share hawaye sai na gane ashe abin da ya kamata in roƙa ke nan.

Na roƙi Uwa Maryamu ta taya ni addu'a, ita ma ta taɓa bin hanya tana neman ɗanta. Allah ya tsare ki daga hannun mugu. Allah ya sa ana ba ki abinci kina ƙoshi. Allah ya sa akwai wata mace kusa da ke mai tsefe miki kai. Allah ya sa kina tsawo, yatsa uku, huɗu, tafin hannu, har ki wuce Zainabu. Ubangiji ya dawo min da ke da ƙafarki, in ja farin zaren nan a gabanki, ki zura kai rigar ta ƙi wuce kafaɗarki. Allah ya sa ta yi miki kaɗan, Saratu. Amin.

Ni ce uwarki,
wadda har yanzu ba ta amsa wani suna sai Maman Saratu.