Shatin Yatsa a Kan Bamba

Bukan Sidi, Lafia

Yaya Ari,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Inna da ciwon ƙafarta. Yaya aikin doya a Adogi?

Ka yi haƙuri da rubutuna, da hagu nake yi. Na ce wa Inna a waya ƙofa ce ta datse ni. Kai ba zan yi maka ƙarya ba.

Ka san sana'ar Baban Zuhra, ƙananan motocin roba da dillalan mota ke saye su ƙawata tebur. Ka sha tsokanarsa, wai ƙato da gemu yana wasan yara. Sai ya naɗe jikin motar da salatif, ya bar bamba da bakin fitilu kaɗai, ya shafa baƙin fenti, sannan ya fesa kurom, ruwan nan mai ƙyalli kamar madubi. Kafin ya bushe ko numfashi ba a yi kusa, don yatsa in ya taɓa, shatinsa ya zauna ke nan.

Ranar Talata Zuhra ta ga fuskarta a wata bamba, ta taɓa. Da ya dawo ya gani, na yi maza na ce ni ce. Bai ɗaga murya ba. Ya kwantar da hannuna a kan teburin, ya kama babban yatsana da filaya, ya matse har na ji ƙashin ya ce ƙas. Farcen ya fita da jini. Ni ina birgima a ƙasa, shi yana goge teburin kada jinin ya kai ga kayansa.

Kada ka zo. Na san zuciyarka, kuma zan iya jurewa.

Ƙanwarka,
Rabi'a

Yaya Ari,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, ka manta da abin da na ce. Direban da ya ba ka wannan, shi za ka biyo.

Baban Zuhra bai yar da bambar ba. Ɗazu da safe, bayan Zuhra ta tafi makaranta, ya kira ni ya ajiye ta ƙarƙashin gilashin da yake duba ƙananan ayyuka da shi. Ya jawo hannuna mai lafiya ya jera da shatin, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Wannan yatsan bai kai naki ba."

Ya tambaye ni ƙarfe nawa ake tashin su Zuhra. Filayar na nan kan tebur, ya wanke ta.

Yaya, tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Na ce masa kemis zan je a sake mini ɗauri. Makarantar na wuce na ɗauko ta, muna gidan ƙawata Doris a Akurba. Ko ɗankwali ban ɗauko ba.

Zuhra na ta tambayata me ya sa nake riƙe mata hannu da ƙarfi haka. Ka zo kafin la'asar.

Taka har kullum,
Rabi'a