Dutsen Kabarina, da Hannun Souley Kaɗai

Da sunan Allah. Ni Harouna baduku, mutumin Damagaram, mazaunin Mount Hope a nan ƙasar waje, na rubuta wannan wasiyya a shekarar 2016 ina cikin hankalina. Jiki ne ya gaji, kai garau yake, kishina ma yana nan daram.

1. Shagon fata na 'yata Shafa'atu ne, ita ta san masu saye. 'Yata Firdaoussi ta ɗauki akwatin marigayiya mahaifiyarku.

2. Wuƙata da basillata na ɗana Souley ne, ko da yake na san ba zai taɓa su ba. Tun yana ƙarami nake nuna masa yankan fata yana hamma. Sai Tichaona, ɗan ƙabilar Shona daga Zimbabuwe, ya kama shagon da ke jikin nawa, yana sassaƙa duwatsun da masu hali ke kafawa a falo da lambu. Yaron nan mai hamma ya koma wuni a tsaye yana goge dutse. Tarihin kakannin Tichaona ya haddace shi tsaf. Ku tambaye shi sunan kakana ku sha mamaki.

3. Tichaona bai cuce ni ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Mutumin kirki ne. In ya zo jana'iza ku karɓe shi, amma ya tsaya daga baya, kada ya dafa kafaɗar ɗana a wurin.

4. Alamar kabarina dutse ne zalla, ba fuska ba siffa, sai suna. Souley, kai za ka yanka shi, kai kaɗai, ko shawara kada ka nema. Ka yi wa gidajen baƙi aiki shekara da shekaru, ni sau ɗaya nake roƙo.

5. Ku mata biyu, kun daina cin abinci da ƙanenku, wai yana sassaƙa gumaka. Ku bar wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kawunanku. Ku riƙe zumunci, ku kira Souley cin tuwo kowace Juma'a. In kuka rufe masa ƙofa, na san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma mai ita zai buɗe da murna. Ni na haifi yaron nan, kada ku bar wa wani shi.