Kada a Binne Takardun Inna

Germantown, Maryland
9 ga Afrilu, 2017

Zuwa ga Yaya Rilwanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan, ya jiƙan Innarmu, ya kai haske kabarinta. Mu nan lafiya lau, sai ɗanka Haidar da nake wa Hausa yana mayar mini da Turanci, abin har ya ishe ni.

Yaya, matarka Sadiyya ta gaya mini ka buɗe akwatin Inna ka tarar gara ta taɓa takardun ciki, ka ce za a binne su kamar yadda ake wa tsofaffin takardun Alƙur'ani. Na san niyyarka mai kyau ce, amma don Allah ka dakata. Yawancinsu ba ayoyi ba ne, ajami ne. Hausar Inna ce da hannunta, da waƙoƙin wa'azin da take rera wa matan unguwa, da magungunan da ta ji wurin kakarta.

Makon jiya Atine, abokiyar aikina 'yar Kafanchan, ta zaunar da ni kallon wani wasan talabijin, ta ce labarin wata sista ne. Na ɗauka irin tamu ta asibiti, ashe ta coci take nufi, irin waɗanda ba sa aure. A Meziko aka yi ta, zamanin mulkin mallaka. Baiwar Allah ta tsare kanta don karatu, ta yi ta rubutu har ta tsone wa manyan coci ido, ƙarshe aka kwashe littattafanta tana tsaye tana kallo. Wallahi sai da na tashi na fita waje na yi kuka. Ita maƙiyanta ne suka yi mata haka, mu kuwa 'ya'yan da Inna ta haifa ne.

Ka sa takardun Inna a leda ka ɗaga sama har in zo a watan Agusta, in sha Allahu, mu nemi mai karanta mana. Ni dai ba zan iya ba. Sau uku Inna tana shimfiɗa tabarma ta ce in zo ta koya mini, sau uku ina ce mata ina da jarrabawa.

Ka gaida Sadiyya da Baffa Maitama, ka shafa mini kan Afnan.

Ƙanwarka da ke jiran amsa,
Sailuba