Reshen Gawo a Mararraba

Rijau, 4 ga Afrilu

Malam Sirajuddeen,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni ce Deborah, yayar Andrew, wadda ta miƙa maka ruwa ranar jana'iza ka kasa sha. Na kira wayarka har na gaji, shi ya sa na ba direban Kwantagora wannan takarda.

Tambaya ɗaya gare ni. Ku shida kuka tafi hawan keke duwatsun wajen Zungeru, biyar suka dawo da ƙafarsu. Matan cocinmu suna raɗa cewa ƙanena da gangan ya bi tsohon layin dogo ya faɗa inda gada ta karye, wai tun da Vivian ta fasa aurensa ba ya cikin hankalinsa. Maganar ta kai kunnen Mama. Ba ta kuka, ba ta cin abin kirki, tana zaune kawai tana kallon bango. Jiya ta ce mini, “Idan shi ya kashe kansa, a ina zan gan shi?”

Ni kam ba na jin komai, makaranta nake zuwa in koyar in dawo. Ka gaya mini abin da ya faru. Ka gaida mutanen gida.

Deborah Dogo

Kwantagora, 11 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Deborah,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina ƙara yi muku ta'aziyya. Allah ya ba Mama haƙuri.

Hanyar zagaye ce, daga inda muka ajiye mota a hau dutse a sauko ta baya a dawo. Da safe muka tashi. Hawan farko sai da kowa ya sauka ya tura, ban da Andrew, yana sama yana mana tsiya wai tsofaffi. Daga can ana hango kogi da gonakin da aka girbe har iyakar ganin ido. Muka huta a wani kango na ma'aikatan jirgi, ba rufi, ƙarafan dogo sun yi tsatsa ciyawa ta cinye su. Ya ci ƙosai bakwai, ya ɗauki hotuna. Bayan nan tayarsa ta baya ta yi faci, ya ce mu ci gaba zai cim mana, don ya fi mu gudu.

Sauran kin sani. Kekensa yana shagona, ban taɓa shi ba. Ban ƙara hawa ba tun ranar.

Naki cikin girmamawa,
Sirajuddeen

Rijau, 16 ga Afrilu

Malam Sirajuddeen,

Na gaishe ka. Haba malam! Na tambaye ka yadda ƙanena ya mutu, ka aiko mini da kogi da ƙosai bakwai. “Sauran kin sani.” Da na sani zan ɓata biro?

Ruka maƙwabciyarmu ta ce mijinta ya taɓa bin ku sau ɗaya, kuma kuna da doka: duk inda hanya ta rabu, na gaba yana rufe wadda ba a bi, don na baya. To wa ke gaba ranar? An rufe ko ba a rufe ba? In an rufe Andrew ya tsallake, faɗi kawai, zan san abin da zan yi da Mama. Ta fara rama, zanenta ma ba ya zama a ƙugu.

Ba faɗa nake nema ba, ƙarfin faɗan ma babu. Sai na ji daga gare ka.

Deborah

Kwantagora, 25 ga Afrilu

Yaya Deborah,

Assalamu alaikum, ina fata kuna lafiya. Sau uku ina yaga wannan takarda.

Ni ne a gaba. A mararrabar, hannun hagu hanyarmu ce, hannun dama tsohon layin ne, shimfiɗe sumul, gangare, mai jan mai keke. Andrew bai taɓa bin zagayen nan ba, ranar ce farkonsa. Na rufe dama. Ka'ida a jera duwatsu, amma rana ta yi zafi, na yi ƙyuya, na karyo reshen gawo na gicciya. Na ma zaɓi mai ɗanyen ganye don ya fi fitowa a cikin busasshiyar ciyawa.

Da muka daɗe a mota bai iso ba, muka koma. A mararrabar babu reshe, sai sawun shanu da kashinsu, da ɗan guntun itace can gefe an gwaigwaye shi. Watan Maris ne, Yaya, babu ɗanyen ganyen da bakin saniya zai kai ko'ina a dajin sai wanda na ajiye a tsakiyar hanyar garke. Ko yaron ƙauye ba zai yi haka ba. Ni ɗan gari ne, ban yi tunani ba.

Na bi sawun tayarsa. Taku goma sha biyu kafin bakin gadar, ƙasa ta karce, layi biyu. Ya matse birki gaba da baya har wayar birkin gaban ta tsinke. Wanda yake so ya faɗa ba ya yin haka.

Abokan tafiya sun ce in yi shiru, ƙaddara ce. Na yi shirun kwana arba'in, ina ji ana ɓata masa suna. Ba na neman ki yafe mini. Ina buɗe shago, ina rufewa, ina salla, ban san abin da nake karantawa ba. In kuna so in zo in faɗa a gaban Fasto da jama'a, zan zo.

Allah ya huci zuciyarku.
Sirajuddeen

Rijau, 29 ga Afrilu

Malam Sirajuddeen,

Gaisuwa. Na karanta wa Mama. Ta sa na maimaita wajen birkin sau uku, sannan ta yi kuka, na farko tun rasuwar. Da yamma ta sha kunu.

Ka zo ranar Lahadi, ƙarfe goma, ka faɗa da bakinka. Zan tsaya a ƙofar coci in nuna maka wurin zama.

Mama ta ce in gode maka. Na gode. Bayan Lahadi kada ka ƙara rubuto mini.

Ka huta lafiya.
Deborah