Ba Keken Ba Ne

Litinin, 3 ga Maris

Ciwon kwankwason nan dai. Ɓangaren dama, can ciki, yau kuma har ya sauko matsematsi. Keken ɗinkin nan ne, na sani. Tun da aka canja masa bel takinsa ya yi nauyi. Na ɗora filo a kujera.

Alhamis, 6 ga Maris

Mai gyara ya zo, ya zuba mai, ya taka da ƙafarsa. "Anti, keken nan lafiyarsa ƙalau." Na ce to ni ce na lalace ke nan? Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Zazzaɓi kullum da yamma. Da safe in tarar da zanen gado sharkaf da gumi. Abinci ko ƙamshinsa ba na so. Na sake rage wa siket ɗina ƙugu, a ɓoye, kamar mai sata. Wata kwastoma har cewa take, "Kai, kin yi kyau, me kike sha?" Allah ya shirye ta.

Na gaji. Wallahi na gaji.

Talata, 18 ga Maris

Ƙafar ta ƙi miƙewa. In na kwanta sai gwiwa a lanƙwashe, in na gwada miƙe ta kamar ana jan igiya daga baya zuwa cinya. Tafiya kuwa ɗingishi, a sunkuye.

Ɗazu na durƙusa zan auna tsawon rigar wata mata, tashi ya gagara. Sai na shiga lalube a ƙasa wai allura nake nema, har ta gaji ta tafi.

Tsoro nake ji. Tela ba ƙafar dama, ina ta nufa? Da wannan ƙafar na ciyar da gidan nan.

Laraba, 19 ga Maris

Yaya ta zo. Tana shigowa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona.

"Miƙe ƙafar nan in gani."

"Ba zan miƙe ba."

"Ba za ki ba, ko ba za ki iya ba?"

Ta taɓa goshina ta yi salati. Wai za ta tafi da ni asibiti, ita ta ƙarasa ɗinkin mutane. Yaya! Da ko layi ɗaya ba ta iya ja a miƙe. Na ce ba mai taɓa min keke ina numfashi. Ta ce to ɗauko gyalenki tun kina numfashin.

Asabar, 22 ga Maris

Asibiti. Likita ya kwantar da ni a gefe, ya ja ƙafar baya kaɗan, na ƙwalla ihun da ban san ina da shi ba. Aka ɗau hoto. Wai mugunya ce ta taru a tsokar da ke ɗaga cinya, can kusa da ƙashin baya. Na tambaye shi ko keke ne ya jawo. Ya ce a'a. Ya ce da na ƙara daɗewa da ta shiga jini.

Sun sa min siririyar roba tana zuƙe ta zuwa cikin wata jaka. Ba na son kallon jakar.

Litinin, 24 ga Maris

Allura, barci, allura.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Gida. Ina kwance a ɗaki, ƙafar a miƙe sambal a kan katifa. Sai kallonta nake.

Yaya na falo a kan kekena. Daga nan ina jin takinta, ta yi sauri ta tsaya, ta yi sauri ta tsaya. Na san ɗinkin ya karkace.

Ta leƙo tana tambaya wane zare za ta sa wa wata shuɗiyar riga.

Na ce ta zaɓa.