Kan Karen da Kuke Nema Ya Zama Toka

Zuwa ga Babban Jami'in Lafiya mai kula da yankinmu.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina neman gafara da na fito da wannan magana a jarida. Na zo ofishinka ban samu ganinka ba, na bar saƙo ban ji amsa ba, abin da nake tsoro kuwa ba ya jiran a tashi daga taro.

Ni malamin firamare ne a Toranke, ina koyar da Turanci a aji bakwai. Na faɗi haka ne don ka san cewa duk abin da akawunka ya gaya mini da Turanci na ji shi sarai, har na so a ce ban ji ba. Akwai darasin da nake yi wa yara kowace shekara kafin jarrabawar shiga sakandare, a kan kalmomin sauri na Turawa. Nakan ce musu "fast" gudu ne irin na doki ko mota, "quick" hanzari ne, abu ya faru ya ƙare nan da nan, "hasty" gaggawa ce marar tunani, wadda mu muke kira aikin Shaiɗan. "Prompt" shi ne ka yi abu a kan kari ba sai an biyo ka ana roƙo ba, "immediate" kuwa babu tazara ko ta numfashi. Yara sukan yi dariya su ce Bature ya cika fi'ili, sauri ai sauri ne. Ni kaina darasin cin jarrabawa na ɗauke shi, sai bana da abin ya shigo gidana.

Na farko, ga abin da ya faru. Ana tsakiyar yankan dawa wani baƙon kare ya shigo gari da hantsi, bindi a sake, yawu na dalala, yana kai wa duk abin da ya motsa cizo. Ya fara da Buba, wani Bafillatani magidanci daga rugar da ke gabas da mu, wanda ya sunkuya yana ɗaure dami. A kunci ya cije shi. Daga nan ya bi hanyar masussuka ya tarar da yarinyar wajena, 'yar shekara takwas, ɗauke da ƙwaryar fura za ta kai wa kakanta gona. Ya kama ta a ƙwauri, sai da samari suka rufe shi da sanduna kafin ya saki.

Abin da aka yi bayan nan shi ne abin da iyayenmu suka saba yi. Aka kashe karen, aka ɗebi gashinsa aka ƙona aka shafa tokar a kan raunin, wanzami ya kafa ƙaho ya ja jini. Mushen kuwa aka tara masa kara aka banka wuta, don kada karnukan gari ko kura su ci su ɗauki haukan. Kafin in iso daga makaranta, hayaƙi kawai na tarar. Idan ka ce mun yi gaggawa, na yarda, mun yi irin wadda nake gargaɗin yara da ita. Amma babu wanda ya taɓa zuwa garin nan, daga En'e ko daga gwamnati, ya ce mana a ajiye kan mahaukacin kare. Wa zai zaci akwai ofishin da ke da buƙatar irin wannan kaya?

Na biyu, yadda ta kasance a wurinku. A ranar na goyo yarinyar a keke zuwa ɗakin shan magani mafi kusa. Malamin asibitin, Allah ya saka masa da alheri, ya wanke raunin da sabulu, ya sa magani mai zafi, ya gaya mini gaskiya. Ya ce allurar haukan kare ba ta zama a wurinsa, don sai a firij take kwana, kuma ofishinka ne ke sakinta. Ya ce in hanzarta, domin da zarar ciwon ya bayyana a jiki babu likitan da ke iya komai.

Washegari na iso ofishinka. Akawu ya saurare ni, ya ce allurar kaɗan ce, ƙa'ida ita ce a kawo kan karen a aika wa likitan dabbobi ya tabbatar da haukan, sannan a sa hannu. Na ce kan ya zama toka. Ya ce to a kawo shaidar dagaci. Na kawo. Ya ce shaidar dagaci ba ta maye gurbin shaidar likita, sai dai kai da kanka ka yi sassauci, ga shi ka tafi rangadi. Da ya ga hawaye na neman zubo mini sai ya juya harshe zuwa Turanci, wataƙila don ya mutunta ni, ya ce za a duba maganata "shortly". Da na sake komawa sai ta zama "in due course". Ranka ya daɗe, da bakina nake koya wa yara cewa ta farko tana nufin nan ba da jimawa ba, ta biyu kuwa sai ranar da mai yi ya ga dama. Wato maganata baya take ja, ina tsaye ina ji. Na kai yarinyar birni a motar kasuwa, can ma aka ce rabon yankinmu yana hannunka, sai da takardarka.

Na uku, Buba ya rasu. Ban so in rubuta yadda ya rasu ba, amma tilas ka ji. Mutum ne mai kunya wanda ko tari ba ya yi a gaban surukansa. Ya wayi gari da zazzaɓi, aka ce rana ce ta buge shi. Sai ya fara gudun iska. Sai aka kawo masa ruwa yana kukan ƙishi, ya miƙa hannu, maƙogwaronsa ya shaƙe, ya yi jifa da ƙoƙon. Daga ƙarshe 'yan'uwansa suka ɗaure shi a jikin turke da igiyar shanunsa, shi da kansa yana roƙonsu su ƙara tamkewa kada ya ji wa yaransa. Na je duba shi, ya gane ni. Abin da ya ce mini ke nan: "Malam, yaya 'yar taka? Ka kai ta, kada ka tsaya kallona." Bai kai Juma'a ba.

Idan shaida ake nema cewa karen nan mahaukaci ne, ga ta can a maƙabarta. Na faɗa wa akawunka haka, ya ce shi ba a ba shi ikon karɓar irin wannan shaida ba. Ban zarge shi da mugunta ba. Tsoron laifin ofis yake yi, ni kuma tsoron da nake yi ya fi ƙarfin wannan.

Na huɗu, halin da gidana yake ciki. Wata ya kusa zagayowa da cizon. Malamin asibiti ya ce cizon ƙafa ya fi na fuska jinkirin kaiwa ga kai, saboda haka har yanzu da sauran dama, amma bai san iyakarta ba. Ina shiga aji in riƙe alli in manta abin da zan rubuta. Uwar yarinyar ta daina tura ta rijiya. Duk lokacin da yarinyar ta ɗauki moɗa, gidan yakan yi tsit, kowa ya zuba wa wuyanta ido har sai ta haɗiye. Ta lura. Jiya ta tambayi uwarta ko wani laifi ta yi da ake kallonta in tana shan ruwa, sai uwar ta shige ɗaki.

Yau da safe ta ce tabon yana yi mata ƙaiƙayi. Uwarta ta ce alamar warkewa ce, haka kowane miki yake yi. Ƙila haka ne, ina roƙon Allah ya sa haka ne. Amma matar Buba ta gaya wa mata a wurin zaman makoki cewa da susar kunci mijinta ya fara. Tun safe wallahi tsoro nake ji, ban taɓa jin irinsa ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, ba mai yawa ba ne. Ka saki allurar nan ranar da wannan wasiƙa ta iso gare ka, ko da saƙon baki ne ka aiko wa akawunka daga inda kake. Ka bar wa wani a ofis ikon sa hannu in ka yi tafiya. Ka sa a bi ƙauyukan Gaya da Ajingi ranar kasuwa a yi shela cewa a daina ƙone kan mahaukacin kare, in kuwa an riga an ƙone, kada a bar wanda aka ciza ya biya bashin da ransa. Ba sai motarku ta wahala ba, ni zan zo da yarinyar a keke, ku faɗa mini sa'a kawai.

Akawunka ya ce in an amince za a buƙaci sunan marar lafiya a kan takarda. 'Yar fari ce, ka san al'adarmu, tun da aka raɗa mata suna ban taɓa furta shi a gaban mutane ba. Yau ga shi ina rubuta shi inda duk jiha za ta karanta, don kada a ce shi ya kawo jinkiri. Sunanta Hajara.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare maka zuriya, ya sa kada ka taɓa zama kana kallon ɗanka yana shan ruwa gabanka na faɗuwa. Allah ya jiƙan Buba.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa,
Malam Hamisu, Toranke.