Katuna Uku a Aljihun Aziz

Park Hill, Staten Island
4 ga Maris

Yaya Dikko,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da yara. Yaya ƙafar taka? Na gode da saukar Alƙur'ani da kuka yi wa ɗana kuma ɗanka, marigayi Aziz. Allah Ya saka da alheri.

Yaya, na yi kuskure. Bayan sadakar arba'in na kwashe tufafinsa kaf na cusa a gangar da na aiko Maraɗi, don a raba wa mabukata. Ban laluba aljihu ba, na kasa.

Jiya abokiyar aikinsa Adwoa, 'yar Gana, ta zo. Aikinsu shi ne su tada ƙaramin jirgi marar matuƙi a gaɓar tekun Florida, ya ɗauko hoton duwatsun murjani daga sama, a haɗa hotunan a auna tudu da ramin wurin. Ta ce hotunan tafiyarsa ta ƙarshe suna kan katunan ajiyar hoto guda uku, kowanne bai fi farce ba, a aljihun ciki na shuɗiyar rigar ruwansa. Bayan dawowarsa guguwa ta farfasa duwatsun. In katunan sun ɓata, wahalarsa ta shekara biyu ta tafi a banza.

Na ji gangar ta iso. Don Allah ka tsayar da rabon.

Ƙanwarka,
A'i

19 ga Afrilu

Yaya Dikko,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, katunan sun iso a hannun Abdou maƙwabcina, da ya dawo daga Maraɗi. Ya ce an riga an raba, har garin Tibiri ka bi rigar a kan babur da wannan ƙafar taka, ka same ta jikin mai gadin makaranta. Ban san bakin da zan gode maka ba. Ka ce wa mai gadin rigar tasa ce har abada. Matarsa kuma, da ta adana katunan a gwangwanin allura, Allah Ya raya mata zuri'a.

Adwoa ta kawo kwamfuta ta nuna mini. Ruwa garau, duwatsu masu rassa kamar ƙahon barewa. Ni da na sha yi masa faɗa, wai ya bar karatun likita yana wasa da jirgi!

Sai ta ƙara girman gefen wani hoto. Ga kwalekwale, ga Aziz a tsaye ba takalmi, ya ɗaga kai sama yana dariya. Na daɗe ina kallo, ita kuma ba ta hanzarta ni ba.

Za ta wanke mini hoton guda biyu. Ɗaya na Inna ne. In ya iso, ka zauna kusa da ita kafin ka miƙa mata.

Ina gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
A'i